Ajiye kare don gadin gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, na tare a sabon gidana a bayan Dakace. Unguwar ba ta cika ba tukuna, kuma sau biyu ana tsallako mini katanga ana ɗauke awaki. Wani maƙwabcina zai ba ni ɗan kwikwiyo, amma maiɗakina ta ce mala'iku za su ƙaurace mana. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, maiɗakinka ba da ka ta yi magana ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko hoto. Sun kuma ruwaito cewa duk wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi (wani ma'auni) guda na lada kullum, a ruwayar Ibn Umar ma ƙiraɗi biyu. Saboda haka karen ado, wanda ake kwana da shi a falo, babu hanyarsa.

Karen gadin gida kuwa, malamai sun saɓa. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, wadda kowane almajirin zaure a Birnin Zariya ya biya, ta hana ajiye kare a gidajen gari. Sai dai masu sharhinta sun kawo cewa shi kansa mawallafin, Ibn Abi Zaid, katangar gidansa ta taɓa faɗuwa a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa da ra'ayin Imamu Malik, ya ce da Malik ya riski wannan zamani, da zaki mai cizo zai ajiye. Imam Nawawi ma ya rinjayar da halascin karen gadi, bisa ƙiyasi da ukun da hadisin ya togance, wato karen farauta da kiwo da gona. Ga wanda ke cikin halinka, ga awaki kuma, ya halatta. Game da mala'iku, wasu malamai sun ce karen da shari'a ta yarda da shi ba ya cikin hadisin, wasu sun ce yana ciki. Ka fita daga saɓanin: ka yi masa wuri a bakin ƙofa ko kusa da garke, kada ya shiga ɗakuna.

A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau 7. Ka ware masa kwanonsa, magana ta ƙare.

Abin da ya fi damuna ba halascin ba ne, haƙƙin dabbar ne. Mutanenmu sukan karɓi kwikwiyo da murna, bayan wata biyu a bar shi yana bin bola. Ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Kare yakan kai shekara 10 ko fiye. Za ka iya ciyar da shi kullum, ba sai tuwo ya rage ba? Wa zai ba shi ruwa da inuwa a zafin bazara in ka yi tafiya? In amsar ita ce "Allah zai kawo", to ka ƙara tsayin katanga kawai.

Sannan allurar ciwon haukan kare wajibi ce a kanka, domin cuta ce da in alamunta suka bayyana ga mutum, da wuya ya tashi. Ana fara yi wa kare allurar yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Ka ɗaure shi da rana. In ya ciji ɗan maƙwabci saboda sakacinka, kuɗin magani a wuyanka yake. A wanke wurin cizon da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

Wallahu a'alam.