Muryar yaya kan katin cingam na yaƙi da aka turo jiya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, maganar nan ta fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ƙanena, na ga hoton da ka turo jiya da daddare, tsohon katin nan irin wanda ake sakawa cikin fakitin cingam, mai zanen sojoji cikin kurmi, kana tambaya wai ko na yaƙin Bama ne da kakanmu ya je, kuma ko ya kai kuɗin da mai shi ya sa masa a eBay. To ni na san inda ka dosa. So kake ka ji ko in ka saya bana, baɗi zai ninka. Zan zo nan, amma bari in fara kashe maganar Bama.

Ba kakanmu a katin nan, ba kuma wani ɗan ƙasarmu. Ka ce an rubuta War Gum a bayansa ko? To War Gum kamfanin Gum, Inc. na Filadelfiya ne ya buga su, kati 132, daga harin Pearl Harbor na Disambar 1941 suka faro, a 1942 suka ƙare. Namu kuwa, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma sai 1943 ta tashi zuwa Indiya, faɗan kwarin Kaladan na Bama sai 1944, runduna ta 82 ma a 1944 ɗin ta bi bayansu. Ka ga ko da Bama ce aka zana, Bamar 1942 ce, tun su kaka ba su hau jirgin ruwa ba. Duk wanda ya ce maka sojan Najeriya ne a jiki, lissafin shekara kaɗai ya ƙaryata shi.

Kuma in Afirka kake nema a katin cingam, ai ba nan za ka ba. Horrors of War za ka nema, na 1938, kamfani ɗaya ne, na Warren Bowman. Wannan shi ne uban tafiyar. Kati 240 aka fara yi, da suka ga yara sun yi musu caa sai suka ƙara 48, ya zama 288. Senti ɗaya yaro zai bayar, a ba shi cingam da kati a ƙunshe. Yawancinsu kan yaƙi uku ne: Japan da Sin, yaƙin basasar Sifaniya, sai mamayar da Italiya ta yi wa Habasha zamanin Mussolini, 1935 zuwa 1936. A ƙasan bayan katin an buga wata magana da ke cewa wanda ya san munin yaƙi zai so zaman lafiya. Amma ka juya gaban ka gani, jini ne, gawarwaki, bam na sauka kan mata da yara, kuma yara 'yan firamare ake sayar wa. Iyaye sun yi ta kuka a lokacin, har mujallar Life ta ɗauko zancen katunan a shekarar. Ni na Habasha kawai nake bi, shekara tara ke nan. Akwai wanda nake da shi, kusurwoyinsa huɗu duk sun dakushe, tsakiyarsa da shatin roba inda wani yaro ya ɗaure su dami guda ya cusa aljihu. Wallahi in na riƙe shi sai in ji wani iri, wai yaro a can wata unguwa a Amurka yana tauna cingam yana kallon yadda ake ƙona ƙauyen baƙar fata. Ko nawa za a ba ni ba zan sayar da shi ba.

To maganar kuɗi. A cikin 288 ɗin nan ba duka ke da tsada ba. Na ƙarshen nan, daga 241 zuwa sama, su ne ba su yi yawa ba, kuma a cikinsu akwai uku masu Hitler, 277 da 283 da 286, su kowa ke rububi. Sai na ɗaya, mai gadar Marco Polo, saboda shi ne ke saman dami, shi roba ke fara ci, samun mai tsabta sai an sha wuya. Kuma a kan na ɗayan nan aka cuce ni, har yau abin na cina.

Wata kasuwar gwanjo ce ta ranar Lahadi, wani dattijo da tebur cike da tsofaffin kwalaye. Ya fito da shi cikin leda mai kauri, gefensa tsaf kamar yau ya fito daga injin. Na tambaye shi har sau biyu, an taɓa shi? Ya dubi idona ya ce yadda ya gada haka yake. Na biya. Da na zo gida na ɗora shi kan wani na hannuna, sai na ga ya gaza, kaɗan, bai kai kaurin ashana ba, amma ya gaza. An bi gefen da reza an aske don kusurwa ta fito. Asalin girmansa inci 2 da rabi ne a ɗaya gefen, ɗayan kuma inci 3 da ɗaya bisa takwas, in ka ga ya ragu, sai ka yi zargin an taɓa shi. Na koma Lahadi mai zuwa, mutumin nan ya ce bai taɓa ganina ba. Ba kuɗin ne ya dame ni ba jama'a. Katin da ya tsallake shekara tamanin, bai ƙone ba, uwar yaro ba ta zubar da shi a shara ba, kai ka sa masa reza saboda 'yan daloli? Dattijo da furfurarsa! Kuma askakken kati masu tantancewa irin PSA ba sa ba shi maki cikin ɗaya zuwa goman nan nasu, iyaka su shaida na asali ne amma an taɓa shi. Yana nan a akwati, na kasa sayarwa don ba zan yi wa wani abin da aka yi mini ba.

Ina muka tsaya? Yauwa, naka. Mai shi gaban kawai ya nuna, wannan kaɗai ya ishe ni in ja da baya. Baya ake dubawa. An sake buga irin waɗannan katuna daga baya, kuma na kirki sukan rubuta a bayan cewa sabon bugu ne, to macuta nan wurin suke gogewa ko su ɓata shi da ruwan shayi ya yi kamar ya tsufa. Kwalin zamanin da ba fari fat ba ne. In kana da 'yar fitilar nan ta duba kuɗin jabu, haska masa, takardar zamani za ka ga tana walƙiya shuɗi, ta kafin 1950 kuwa shiru za ta yi. Ka sa madubin ƙara girma ka dubi baƙin rubutun, ya zama tawada ce zalla, in ka ga ɗige-ɗigen launi a cikin harafi to hoton kati aka ɗauka aka buga. Har shinshinawa ina yi, tsohon kwali da warinsa.

In kuma aljihu bai kai ba, ka sauko ƙasa. Akwai Freedom's War na kamfanin Topps, 1950, lokacin yaƙin Koriya, akwai Red Menace na Topps ɗin a 1951... a'a, astagfirullah, Red Menace na kamfanin Bowman ne, kati 48, Topps ba su sayi Bowman ba sai 1956. Akwai Civil War News na 1962, na yaƙin basasar Amurka, kati 88, har da kuɗin wasa na 'yan tawayen Kudu ake sakawa a fakitin. 

Batun ninkawa dai, ni ban ce maka zai ninka ba, kada gobe a ce yaya ya ce. War Gum na talaka-talaka mai lanƙwasa suna nan da yawa, ba gudu suke ba, babu dalilin da za ka yi gaggawa. Ka tura wa mai shi saƙo yanzu, ka ce ya ɗauki bayan katin a fili ba cikin leda ba, ya ajiye rula a gefensa, ya kuma ɗauki kusurwa ɗaya kusa-kusa. In ya turo ka jefo nan in gani, ina nan har bayan Isha'i. In ya fara kame-kame, ka rabu da shi.