Abin da ya sa na goge maka rubutun bangon tasha

Ka ce, "Maigida, me ya sa ka goge aikina alhali kowa ya ce ya yi kyau?" Ajiye buroshin nan ka zauna, ɗana.

Kyau kam ya yi. Jelar da ka yi wa haruffa da inuwar nan mai kala uku sun nuna min hannunka ya fara faɗawa. Amma su wa suka yaba? Abokanka ne da suka tsaya dab da bango. Ni kuwa tsallaka titi na yi, na tsaya wajen mai shayi, sai na kasa bambance G da C. To ina ga fasinjan da ke cikin a-daidaita-sahu rana na dukan idonsa, ko dattijuwa da kaya niƙi-niƙi tana neman motar Gusau? Kallo ɗaya za su yi. Bangon tasha nasu ne, mu aron sa aka ba mu.

Tun kafin ka ɗauki alli, auna nisan mai karatu. Lissafin da muke aiki da shi, kowace ƙafa 10 ta nisa a ba harafi inci 1 na tsayi. Daga ƙafa 60 za a karanta, to inci 6 ke nan. Naka inci 4 ne, rabinsa ma ado ya cinye.

Sai tazara, kuma nan ne rula take yaudarar yara. Ka rubuta KATSINA, ka raba wa kowane harafi fili daidai wa daida. Me ya fito? Tsakanin A da T wani rami, I da N kuwa sun matse kamar fasinjojin kujerar baya. A tana da gangare, T tana da rumfa, dole ka matso da su. Masu miƙaƙƙiyar ƙafa kuma ka ba su iska. Ja da baya, ɗan runtse ido, za ka ga inda ya yi duhu da inda ya yi wayam.

Kada ka ɗauka tsufa ne ya sa nake ƙin kwalliya. A Ingila, daga 1957, Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara rubutun allunan manyan hanyoyi, suka bar tsohuwar al'adar rubuta komai da manyan baƙaƙe. Babban baƙi a farko, sauran ƙanana, saboda direba siffar kalma yake ganewa tun daga nesa, ba ƙirga haruffa yake ba. Har yau da tsarin nan ake aiki a can.

Abin da ya fi ɓata min rai kuwa, lanƙwasa. Ka rubuta "Masaukin Baki". Bakin wa? Baƙi ake saukewa, ba baki ba. Ɓ da ɗ da ƙ ba ado ba ne, haruffa ne masu zaman kansu. Masu buga ƙyallen talla da kwamfuta suna da ɗan uzuri, don wani salon rubutun ba shi da su, sai ka ga akwati ya fito a gurbin harafi. Kai da buroshi ke hannunka, wane uzuri gare ka? In wanda ya ba mu aikin ya yarda ma, ƙara masa layin ajami a ƙasa. Akwai masu karanta shi da ba sa karanta boko, kuma har yanzu yana jikin naira 500 da 1,000.

Adon naka ba zubar da shi za ka yi ba. Dubi tsofaffin gidajen birnin Zariya: magini ya zuba zane kewaye da ƙofar zaure, amma ƙofar a buɗe ya bar ta. Kai ma kai dagi da furanninka gefe, tsakiya ka bar wa kalma.

Tashi ka dama farin fenti, kada tina, ruwan tsinka fenti, ta yi yawa. Bangon ya bushe, mu buga igiyar fitar da layi kafin rana ta take.