Ajin gudu ga sabon shiga: wanne za a biya, me za a saya?

Tambaya: Shekaruna 38, rabona da gudu tun ina sakandare. An buɗe ajin gudu na rukuni don sababbin shiga, ana biyan kuɗin wata uku a dunƙule. Ina so in shiga, amma ko bene na hau sai na yi haki, kuma kunya nake ji a ce kullum ni ce ta ƙarshe. In biya, ko in fara ni kaɗai har jikina ya yi ƙwari?

Amsa: 'Yar'uwa, ba sai jikinki ya yi ƙwari ba, ai don irinki aka buɗe ajin. Sai dai kada ki zuba kuɗin wata uku tukuna. Nemi a bar ki ki zo rana ɗaya, ko da kallo ne. Idan kin je, rabu da waɗanda suke gaba, ki zuba ido a kan wadda ta zo ƙarshe. Akwai wanda yake tafe tare da ita? Na gaba suna dawowa su taro ta, ko kuwa tana isowa ta tarar kowa ya watse? Nan ne za ki gane ko ajin ya cancanci kuɗinki. Taron gudu na parkrun, wanda aka fara a 2004 a wani dandali a Landan da mutum 13 kacal, yau kuma ake yinsa kyauta duk Asabar a ƙasashe da dama, yana ajiye ɗan sa-kai wanda aikinsa shi ne ya taho a bayan kowa, don kada wani ya zama na ƙarshe. Idan masu yin abu kyauta sun iya wannan, mai karɓar kuɗi ba shi da uzuri.

Ki tambayi mai horarwar abin da ake yi a makon farko. In ya ce kilomita uku ba tsayawa, ki yi masa godiya ki kama hanya. Tsarin da ya fi shahara ga masu farawa shi ne Couch to 5K (wato daga zaman kujera zuwa gudun kilomita biyar), wanda Josh Clark ya ƙirƙira a 1996, hukumar lafiyar Birtaniya kuma ta rungume shi: mako tara, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. A makon farko tafiyar minti biyar ake yi don jiki ya ɗumama, sai gudun daƙiƙa 60, tafiyar daƙiƙa 90, a riƙa maimaitawa. Sai a mako na tara ake kaiwa ga gudun minti 30 a jere. Cakuɗa gudu da tafiya ba ragwanci ba ne. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, da wannan hanyar ya horar da mutane har zuwa gudun famfalaƙi.

Dalilin wannan jan ƙafa a jiki yake. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ki ji hakin ya ragu. Ƙashi da jijiyoyi kuwa sai sun ɗauki watanni. A wannan tsakanin ne mutum yake jin ya zama gwani, ya ƙara mai, washegari ƙwauri ya ɗauki ciwo. Aibin rukuni ke nan, ni a ganina: yana fito da mutum daga kan gado ranar da ba ya so, amma yana sa shi bin saurin wani. Ma'aunin mai sauƙi ne. Idan kina gudu kina iya faɗin jimla guda ga ta kusa da ke, saurin ya yi daidai. Idan kalma ɗaiɗai take fita, rage. Mai horarwar da ya san aikinsa ya fi yawan cewa "a hankali" fiye da "ƙara".

Game da hakin bene, idan yana zuwa da nauyin ƙirji ko jiri, ko kina da hawan jini, ciwon suga, asma ko matsalar zuciya, fara ganin likita. Ajin kirki ma shi zai riga ki tambaya. Bayan haka, nemi biyan wata ɗaya, ki ji abin da ake yi wa wanda ya rasa mako guda, ki kuma duba nisan wurin da gidanki. Aji mai kyau da yake can wata uwa duniya, a mako na uku za ki fara neman dalilin fashi.

Tambaya: An turo mana jerin kayan da za mu zo da su, har da takalmin gudu. A shago an nuna mini wani mai farantin kabon a ciki, an ce irinsa zakaru suke sawa. Tsadarsa ta ninka ta sauran. Ya fi kare gwiwa ne?

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da shi kan kanta. Irin wannan takalmi ya yi suna ne tun da Nike ta fito da Vaporfly a 2017, kuma an ƙera shi don mai tsere ya rage 'yan daƙiƙoƙi, ba don kare gwiwa ba. Dundunniyarsa doguwa ce, ba ya zama daram a ƙafar mai sassarfa, ga saurin lalacewa. Abin da kake buƙata takalmin gudu ne na yau da kullum wanda ka ji daɗinsa tun a shago. Je da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita. Bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin, diddige kuma kada ya riƙa zamewa. Gwada kala uku, ka ɗan yi sassarfa da kowanne. Duk wanda aka ce maka "zai saki daga baya", ba naka ba ne. Samfurin bara yakan fi araha, kuma sau da yawa bambancinsa da na bana bai taka kara ya karya ba. Takalmi ɗaya yakan kai kilomita 500 zuwa 800, wato zai fitar da kai ajin ya kuma yi saura mai yawa.

Sauran jerin ba ya cin kuɗi sosai. Safa kada ta zama auduga zalla, domin tana riƙe zufa ta jawo bororo. Ga mata, rigar mama ta wasanni mai riƙewa da kyau tana sahu ɗaya da takalmi. Idan da asuba ko da dare ake fita, a sa riga mai ɗaukar ido don direbobi.

Tambaya: Rabin 'yan ajinmu suna da agogo mai auna nisa da bugun zuciya. Ni ma in saya?

Amsa: Ba yanzu ba. Mai horarwa ne yake riƙe muku lokaci, wayarka kuma tana da manhajojin kyauta masu auna nisa. Ga sabon shiga, agogon yakan zama abin gasa da na kusa. In ka gama ajin kana ci gaba da fita, sai ka saya.

Tambaya: Kwana biyu da fara aji, cinyoyina sun yi tsami, da ƙyar nake sauka daga bene. In je na gaba ko in bari?

Amsa: Tsamin da ya kama ƙafafu biyu, ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, yana kuma raguwa idan jiki ya ɗumama, wannan ba komai, je ki yi a hankali. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya, musamman a kan ƙashin ƙwauri ko tafin ƙafa, wanda yake ƙaruwa da gudu, ya kumbura ko ya sa ki ɗingishi, shi ne abin tsayawa. Gaya wa mai horarwa kafin a fara, ba bayan an gama ba. Idan hutun kwanaki bai kawar da shi ba, a kai wa likita ya duba, in kin dawo kuma ki maimaita makon da kika tsaya a kai.