Cilin kaza da burodin masara: me za a sayo, me za a bari a kasuwa

Wata uwargida daga Jos ta rubuto: "Anti, na ga Amurkawa suna cin wani abinci a lokacin sanyi da suke kira cili, da burodin masara a gefe. Ina so in yi wa maigida da yara kafin hunturu ya wuce. Sai na sayo kayan gwangwani na waje, ko na kasuwarmu sun isa?"

Na kasuwa sun isa, Hajiya, sai abu ɗaya da za ki nema a kanti. Asalin cili daga jihar Tekzas ne. A shekarun 1880 mata sun riƙa sayar da shi da dare a dandalin birnin San Antoniyo, kuma a 1977 majalisar jihar ta ayyana shi a matsayin abincin jiha. Nasu na asali naman sa ne da jan barkono, kuma mutanen Tekzas da yawa ba su yarda a sa masa wake ba. Na kaza daga baya ya zo, ana ce masa farin cili saboda babu tumatir a cikinsa: kaza, farin wake, koren barkono, albasa da romo mai kauri. Idan kin iya faten wake, kin yi rabin tafiya.

Abin da za ki nema a kanti shi ne kumin. Shi ke ba cili ƙamshinsa, ba shi da madadi, kuma kori ba zai tsaya a gurbinsa ba. Ki kula kada a ba ki habbatus sauda, domin wasu masu kanti na haɗa sunayensu. Kumin ruwan ƙasa ne, siriri, mai ɗan tsawo kamar ƙaramar shinkafa.

Don mutum shida: cinyoyin kaza kilo 1, farin wake kofi 2, albasa manya 2, tafarnuwa ƙwaya 5, koren tattasai 3, kumin ƙaramin cokali 2, tayim cokali 1, da romo lita 1. Ki dafa waken daban har ya yi laushi. Ki gasa tattasan a kan wuta har fatarsa ta yi baƙi, ki rufe shi a kwano minti 10, ki ɓare, ki yanka. Ki soya albasa da mai babban cokali 3 har ta risina, sannan tafarnuwa da kumin su shiga cikin man na minti ɗaya kacal. Kumin da aka zuba a ruwa kai tsaye ƙamshinsa ba ya tashi, wanda ya ƙone kuma ɗaci yake yi. Daga nan sai kaza da romo da tayim da gishiri. Idan ta dahu ki tsame, ki zare ƙashi, ki yagalgala naman, ki mayar tare da waken da tattasai su ƙara minti 15.

Barkono fa, a yi hattara. Halafenyo da Amurkawa ke sawa zafinsa bai wuce 2,500 zuwa 8,000 ba a ma'aunin Sikobil, attarugu kuwa yana kaiwa 100,000 zuwa 350,000. Girkin da ya ce halafenyo biyu, rabin attarugu ɗaya ya ishe shi.

Wata daga Zariya ta tambaya: "Kazar gidan gona zan saya ko ta Hausa? Na gwada da tsokar ƙirji, naman ya fito kamar igiya."

Laifin ƙirjin ne, 'yar'uwa. Ba shi da kitse, da zarar ya wuce minti 15 zuwa 20 a ruwan zafi sai ya matse ruwansa ya bushe, ko da yana ninƙaya a romo. Cinya tana da kitse da jijiya, su ke narkewa su ba romon danƙo, don haka minti 30 zuwa 35 a wuta kaɗan ba ya cutar da ita. Kazar Hausa ta fi daɗin romo nesa ba kusa ba, amma tana cin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma namanta kaɗan ne. Idan ita kika samu, ki dafa ta tukuna da albasa da citta, ruwanta ya zama romonki. Tsohuwar kazar ƙwai ma haka za ki yi mata. Idan sauri kike yi, cinyar buroila.

Wani ɗalibi da ke karatu a jihar Minesota ta Amurka ya rubuto: "Anti, a kantunan nan wake kala-kala ne, ga na gwangwani ga busasshe. Wanne zan ɗauka? Kuma romona tsararo yake fitowa."

Ɗana, ɗauki wanda aka rubuta wa kanelini ko Great Northern, su ne farin waken da aka saba sawa. Gwangwani mai giram 400 yana ba da kusan giram 240 idan aka tsiyaye, uku sun isa kilo ɗaya na kaza. Ka duba jikin gwangwanin, kada ka kwaso wanda aka dafa da miyar tumatir da sukari. Idan busasshen jan wake mai siffar ƙoda ka saya, ka jiƙa shi ya kwana, ka zubar da ruwan, ka tafasa shi da ƙarfi aƙalla minti 10 kafin ka rage wuta. Yana da wani sinadari da ke sa amai da gudawa, tafasa ce kawai ke kashe shi, kuma tukunyar lantarki mai dafuwa a hankali ba lallai ta kai wannan zafin ba.

Maganin tsararo kuwa yana cikin tukunyarka. Ɗebi kofi ɗaya na dafaffen waken, ka murƙushe shi, ka mayar. Idan kana son madara ko kirim, sai ka sauke tukunya sannan ka zuba, in ba haka ba zai tsinke. Lemon tsami ma a ƙarshe yake shiga, don tsami na hana wake laushi. Masu girki a gida kuma su bar kanwa a wannan karon: tana dafa wake da wuri, amma tana rina romon ta mayar da shi fate.

Tambaya mafi yawa a wannan makon kan burodin ce. Wata amarya daga Katsina ta ce: "Na yi da garin tuwo, ya fito da nauyi kamar dutse, tsakiyarsa ɗanye. Kuma ba ni da obin."

Amarya, garin tuwo ya yi laushi da yawa, yana shan ruwa ya cure. Tsakin dambu kuma ya yi tsauri, za ki ji shi kamar yashi a haƙori. Ki sayi jar masara busasshiya, ki kai inji ki ce a niƙa ta tsaka-tsaki, ki tankaɗe dusar. Farin garin sitaci da ake sayarwa a kwali don kaurara miya ba shi ake nufi ba.

Ma'auni da kofi mai mililita 240: garin masara kofi 1½, fulawa ½, bekin fauda ƙaramin cokali 2, bekin soda ½, gishiri ¾, ƙwai 2, nono kofi 1½, narkakken man shanu babban cokali 4. A kudancin Amurka da madarar da aka kaɗe manta ta yi tsami ake kwaɓa shi, wato tsala ke nan, irin wadda matan Fulani ke kawowa. Tsaminta ne ke haɗuwa da soda ya tayar da ƙullun. Ki zaɓi mai kauri wadda ba a sirka da ruwa ba. Idan madarar gari kawai gare ki, ki dama kofi ɗaya da rabi, ki matsa lemon tsami babban cokali ɗaya da rabi, ki jira minti 10. Sukari kuwa ko Amurkawa ba su daidaita ba: mutanen kudu da yawa ba sa sawa, na arewa suna zubawa har ya kusa zama kek. Da cili, cokali ɗaya ya wadatar.

Abu biyu ke kawo nauyi. Na farko bekin fauda da ta kwana biyu. Ki zuba kaɗan a ruwan zafi, idan ba ta yi kumfa ba ki sayo sabuwa. Na biyu yawan juyawa. Ki haɗa busassu a kwano ɗaya, masu ruwa a wani, ki gauraya su har gari ya ɓace, ki tsaya ko da akwai 'yan gudaje, kuma ki gasa nan take.

Mai obin ta sa kaskon baƙin ƙarfe mai faɗin santimita 25 ya yi zafi da ɗan mai a ciki, ta zuba ƙullun ya yi ƙara, ta gasa minti 20 zuwa 25 a digiri 200 zuwa 220. Zafin kaskon ne ke ba shi ɓawon nan mai garɗi. Ke da ba ki da obin, ki zuba yashi a babbar tukunya, ki rufe ya yi zafi minti 15, ki ɗora kwanon a kai, ki sa garwashi a kan murfi. Ɗanyen tsakiya daga wutar ƙasa mai yawa yake zuwa babu ta sama, don haka kada kaurin ƙullun ya wuce yatsu biyu. Tandar waina ma tana yi: ludayi ɗaya a kowane gurbi, wuta kaɗan, ki juya idan gefe ya kama. Ki soka tsinke a tsakiya, idan ya fito a bushe ki sauke.