Amsa: Shin da Hulk Hogan aka fara resilin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da Hogan aka fara resilin, tunda shi muka buɗi ido muka gani a kaset. A'a, tarar da shi ya yi.

Tun 1948 masu shirya wasa a Amurka suka kafa ƙungiyar NWA, suka raba ƙasar yanki-yanki. Kowane mai gida da garuruwansa da 'yan wasansa, ba mai shiga gonar wani, sai zakaran duniya guda ɗaya da ke zagayawa yana kare kambunsa. Irin su Lou Thesz ke nan, daga baya Ric Flair.

Vince McMahon ne ya rusa wannan tsari. Ya sayi kamfanin resilin na mahaifinsa, WWF, a 1982, ya riƙa zawarcin taurarin wasu yankuna da kuɗi, ya cika talabijin da su. Hogan ma daga wani kamfanin resilin mai suna AWA ya ɗauko shi. Sai WrestleMania, babban wasan kamfaninsa na shekara-shekara, ta farko a 1985, sai ta uku a 1987, inda Hogan ya ɗaga André the Giant ya maka da ƙasa.

Ni dai a ganina zamanin yankunan ya fi iya kokawa, na Hogan ya fi iya talla. Nemi karawar Flair da Ricky Steamboat ta 1989 ka kalla.