Me Ya Sa Ake Shata wa Masuntan Salmon Iyaka a Bakin Kogi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne, da ragar kalli na tashi tun ina yaro. Na ga wani bidiyo daga Alaska ta Amurka, jiragen ruwa sun cunkushe wuri guda kusa da inda kogi ke faɗawa teku, har suna gogar juna wajen zuba raga, alhali ga ruwa fili a gabansu babu wanda ya shiga. An ce mini doka ce ta hana. Wace irin doka ce wannan, kuma wa ke cin amfaninta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Yadda ka siffanta wurin ya yi kama da Mashigin Biristol, a kudu maso yammacin Alaska, inda jan salmon ya fi yawa a duk duniya. A 2022 kifi kimanin miliyan 79 ne suka dawo wannan mashigi, aka kama wajen miliyan 60. Da shi zan yi maka bayani, domin dokokinsa a rubuce suke dalla-dalla.

Sai ka fara sanin halin kifin kafin dokar ta yi maka ma'ana. Jan salmon a ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi. Yakan yi shekara ɗaya ko biyu a tafki irin Iliyamna, ya gangara teku ya yi shekara biyu ko uku yana ƙiba, sannan ya juyo ya nufi ainihin kogin da ya fito, ya zuba ƙwai ya mutu. Sau ɗaya tak yake haihuwa. Kuma dawowar tasu a dunƙule take, cikin 'yan makonni daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Kai da ka san kalli ka san abin da zai faru idan kifin shekara guda gaba ɗaya ya bi ta ƙofa ɗaya, ga jirage ɗaruruwa suna jira. Babu wuya a share zuriyar kogi a mako biyu, ba kuma za a ga ɓarnar ba sai bayan shekara huɗu ko biyar, lokacin da 'ya'yansu ya kamata su dawo.

Alaska ta taɓa ɗanɗana wannan. A zamanin da kamfanonin gwangwani ke kafa manyan tarkuna a hanyar kifi, kamu ya yi ta raguwa har shugaban Amurka Aizenhawa ya ayyana wasu sassan yankin a matsayin wuraren da bala'i ya afka wa a 1953. Da Alaska ta zama jiha a 1959 aka haramta tarkunan, kuma kundin tsarin mulkinta ya wajabta a riƙa cin albarkatun kifi ta yadda ba za su ƙare ba.

To, iyakar da ka gani. An raba mashigin gunduma biyar, kowacce a bakin koginta: Naknek da Kwijak a haɗe, sai Igigik, Yugashik, Nushagak da Togiyak. Kowace gunduma tana da iyaka ta ciki da ta waje. Dalilin ta ciki a fili yake: inda kogi ya tsuke, raga kaɗan ta isa ta tare hanya. Ta waje ce mutane ba su cika fahimta ba. Can cikin teku kifayen koguna daban-daban a gauraye suke tafiya, ba ka iya bambance na Kwijak da na Igigik. Idan bana Kwijak ta yi rauni, Igigik kuma ta cika maƙil, wanda ya zuba raga a waje zai kashe na mai rauni tare da na mai ƙarfi. Sai sun matso bakin kogi kowane ayari yake warewa. Shi ya sa ake tsare masunta a wannan ɗan tsakanin. Har ma a shekarun da Kwijak ta gaza, akan janye jiragen daga gundumar a tura su cikin kogin Naknek kansa, don kada su taɓa kifin maƙwabciyarsa.

Cunkoson kuwa daga nan ya samo asali. Kifi daga teku yake shigowa, saboda haka ragar da ke kan iyakar waje ita ke fara tarbarsa, na bayanta sai abin da ya tsira. Iyakar arewa ta Igigik ta yi suna a kan wannan turereniya. Babu igiya ko shinge a kan ruwan, lambobi ne a na'urar GPS, kuma jami'an kare namun daji na jihar suna sintiri da jiragen ruwa da na sama. Wanda aka kama ragarsa a ƙetare, ko da igiyar ruwa ce ta ja shi, yana fuskantar tara, ana iya ƙwace kifin, a kuma rubuta masa maki a kan lasisinsa. Maki ya taru, a dakatar da shi.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda ake buɗe ruwa. A tsakiyar kakar kamun kifi ruwan a rufe yake har sai an ce a shiga. Kowane kogi yana da adadin kifin da ake so ya wuce ya je ya yi ƙwai, mafi ƙaranci da mafi yawa. Ma'aikatar kifi da namun daji ta jihar tana kafa hasumiyoyi a gaɓar koguna, ma'aikaci ya hau ya ƙirga kifin da ke wucewa na minti goma a kowace awa, a kowane gefe, a ninka sau shida. Haka dare da rana. A Nushagak, da ruwanta bai da garau, da na'urar amsa-kuwwar sauti ake ƙirgawa. Akwai kuma jirgin gwaji a Fot Mola, can nesa, da ke zuba raga don a san abin da ke tafe kusan mako guda kafin ya iso. Da waɗannan alƙaluma jami'an da ke garuruwan Dilinham da Kin Salmon suke fitar da umarnin gaggawa, a sanar ta rediyo: gunduma kaza za ta buɗe ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Sau da yawa awanni ne ƙalilan, an daidaita su da cikowar teku. Idan ƙirga ta yi baya, kowa ya zauna a jirginsa yana kallon kifi na tsalle. Mai bashin jirgi ya san zafin wannan zama, ban raina shi ba. Amma a ganina nan ne ƙashin bayan dokar: kifin da zai haihu ake fara sallama, masunci rarar yake ci.

Kayan aiki ma an ƙayyade. Jirgin da ke sakin kalli ya bi ruwa ba zai wuce ƙafa 32 a tsawo ba. Ragarsa gaba 150 ce, wato ƙafa 900, sai dai in masu lasisi biyu sun haɗu a jirgi ɗaya, a ba su gaba 200. Mai kafa raga daga gaɓa gaba 50 yake da ita. Zurfin raga ido 29 ne. A lokutan da ake son kare babban salmon da suke kira sarki, wanda ya ragu ƙwarai a Nushagak, akan hana ido mai faɗin da ya wuce inci biyar da rabi. Wani abin mamaki: har 1951 inji ma haramun ne a wannan su, da filafilai masu kama iska ake fita.

Akwai kuma dokokin da ke raba gardama tsakanin masuntan kansu. Dole ka yi rajista da gunduma ɗaya, in kana son komawa wata sai ka jira awa 48 ba ka jiƙa raga ba, don kada duk jirage su kwarara inda aka ji labarin kifi. An kuma yanka kaso tsakanin masu jirgi da masu kafawa a gaɓa. A Igigik, misali, 86 cikin ɗari na masu jirgi ne, 14 na 'yan gaɓa. Hukumar kamun kifi mai mutum bakwai ce ke tsara irin waɗannan, a zaman da kowa ke da damar kai shawara. Kamun kifi na ci a gida, wanda 'yan asalin wurin irin Yupik suka dogara da shi, doka ta fifita shi a kan na sayarwa.

Ka tambayi wa ke cin amfani. Kifin dai ya ci, tunda har yau miliyoyi ke dawowa, ko da yake tsabtar tafkuna da kogunan yankin ma tana da nata kaso a wannan. Masu lasisi sun ci. Amma akwai inda takalmin ke matsi. Tun dokar 1973 aka taƙaita yawan lasisi. Na jirage a mashigin sun ɗan haura 1,800, ba a ƙara sababbi. Mai son shiga sai ya saya daga hannun wani ko ya gada, kuma dole mai lasisin ya kasance cikin jirgin da kansa. Kuɗinsa kan kai na sayen gida. A shekarun da farashin kifi ya faɗi, iyalai da dama a ƙauyukan bakin kogi sun sayar da nasu don biyan buƙata, lasisin ya koma hannun mutanen birni da na wasu jihohi. Yau akwai matashin da aka haifa a gaɓar Nushagak, kakansa ya yi su a wannan ruwa, amma hanyar da ta rage masa ita ce ya yi yaron jirgin baƙo a ba shi kaso. Ƙungiyoyin yankin suna ba da rance da tallafi don lasisi su dawo gida, sai dai tafiyar a hankali take, kuma da yawa daga jiragen da ka gani suna gogayya a kan iyakar, masu su daga nesa suke zuwa duk Yuni.