Tambaya da Amsa: Kafin ka biya kuɗin ganin gwaninka na jita

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar zuwa kallon makaɗan jita ido da ido, musamman Bombino da Mdou Moctar, Abzinawan nan na Nijar. Na ɗauki guda biyar, sauran ku yi haƙuri, ku duba da kyau wataƙila amsarku tana cikin ta wani.

Wani saurayi daga Kano ya ce: "Kawu, ina tara kuɗi zan je kallon Bombino duk ranar da ya yi wasa kusa da mu. Wace waya zan saya mai kyamara mai kyau don in ɗauki wasan tun daga farko har ƙarshe?"

Kada ka sayi kowace waya. Haba ɗana, ka sha hanya, ka biya kuɗin ƙofa, sannan ka tsaya kana kallon mutumin ta gilashin da bai kai tafin hannunka ba? Bidiyonsa cike yake a YouTube wanda ƙwararru suka ɗauka, naka kuwa ƙarar sifika za ta cika shi, ka koma gida ka kunna ka ji kamar injin markaɗe. Ɗauki minti ɗaya da wayar da ke hannunka don tarihi, ka mayar da ita aljihun gaba saboda 'yan sane, ka zuba wa yatsunsa ido.

Daga Sakkwato: "Kawu barka da aiki. Na ga fosta a Facebook wai Mdou Moctar zai yi wasa a Yamai. Na yi wa lambar da ke jiki magana ta WhatsApp, mutumin ya ce tikiti saura guda goma, zai bar min a rabin kuɗi, naira dubu arba'in mu biyu da abokina, idan na tura yau zai turo min hoton tikitin. In tura?"

Kada ka tura ko sisi, kuma zauna ka ji, don wannan maganar ta daɗe tana ci min rai. Ban ce maka lallai ƙarya ne ba, amma duk alamar da nake tsoro ta taru a saƙonka: lambar da ba ka san mai ita ba, rabin kuɗi, "saura goma", da kuma "yau yau". Wanda yake da tikitin gaske na mutumin da ake cika masa zaure a Turai da Amurka me zai sa ya karya shi rabi ya bi ka yana roƙo? Haɗa fosta yanzu ba aiki ba ne, yaro da waya a cikin minti goma zai ɗauko tsohon hoto ya liƙa kwanan wata da sunan wuri ya sa lambarsa a ƙasa. Hoton tikitin ma da yake cewa zai turo, ko da na gaske ne, hoto ɗaya ana iya tura wa mutum ashirin, wanda ya riga zuwa ƙofa ya shige, sauran sha tara su tsaya a waje suna kiran lambar da aka riga aka kashe. Akwai kuma wata dabarar, a rubuta sunan babban makaɗi da manyan baƙaƙe, a ƙasa da ƙananan rubutu a ce "ana sa ran zuwansa", ka je ka tarar da wasu ne suke kaɗa waƙoƙinsa.

Abin da ke ba ni mamaki da mu shi ne, za mu je kasuwa sayen mudun shinkafa, mu damƙa, mu shinshina, mu ciji ƙwaya, mu yi ciniki a kan naira hamsin har mai kaya ya gaji da mu, amma da zarar abu ya fito a waya sai mu tura dubu arba'in ga wanda ko muryarsa ba mu taɓa ji ba. Kuɗin nan fa guminka ne. Kuma idan ya tsallaka iyaka ta hannun ɗan canji ya zama sefa aka karɓe shi a can, wa za ka kama? Ni kaina akwai wani ɗan ƙanwata da aka yi wa irin wannan, kuɗin ɗinkin sallarsa ne gaba ɗaya, ya yi sati bai iya gaya wa uwarsa ba, har yau idan na tuna fuskar yaron raina yana ɓaci.

Ga yadda za ka yi. Ka fara duba shafin makaɗin na kansa, ba shafin masoya ba. Irin su Mdou idan za su fita zagayen wasa ana sanar da garuruwa da ranaku tun da watanni, idan ka ga ranar da fostar ta faɗa yana wata ƙasa to magana ta ƙare. Sannan wuraren wasa a Yamai ba ɓoyayyu ba ne, irin su Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda da Palais des Congrès suna da ƙofa suna da ofis suna da maigadi, kai Basakkwace ne ba za ka rasa ɗan'uwa ko abokin kasuwa a Yamai ba, ya taka da ƙafarsa ya tambaya, in da gaske ne ya saya maka hannu da hannu ya riƙe takardar. Kada kuma ka tura wa kowa hoton katin shaidarka da sunan wai za a rubuta a tikiti.

In ta tabbata, lissafa tafiyar gaba ɗaya ba tikiti kaɗai ba. Daga Illela ka shiga Ƙonni, daga Ƙonni zuwa Yamai ta Dosso ya haura kilomita 400, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga masauki, ga abinci, ga abin da canji zai ci. Iyakar nan an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai a Maris 2024 aka buɗe, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka tambayi direbobin da ke bin hanyar a satin da za ka tafi wace takarda ake nema, ka riƙe katinka na rigakafin shawara.

Ba wai ina kashe maka gwiwa ba ne, mutumin ya cancanci a sha hanya dominsa. Yaron da ya tashi a yankin Abalak ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, kuma ka san a garinku Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, daga nan waƙoƙin suka yi ta yawo a memori da bulutut daga waya zuwa waya har suka kai inda suka kai. Bahago ne, da yatsu yake kaɗawa, kuma a gaban jama'a waƙa takan yi tsawo fiye da yadda ka saba ji, kiɗan ya fara a hankali ya yi ta ƙara sauri mai ganga na biye da shi har ka rasa lokacin da ka miƙe. Wannan shi ne abin da za ka biya kuɗi a kansa, shi ya sa ba na so wani ɗan damfara ya cinye rabonka.

Wani daga Maraɗi, inda jika ɗaya take sefa dubu ɗaya: "Tikitin gama-gari jika uku, na manyan baƙi jika ashirin da biyar. Ina so in ranci kuɗin adashin uwargida in shiga na manya, in biya ta ƙarshen wata."

A'a. Kuɗin adashinta yana da inda za shi tun kafin ya zo hannu, kai ma ka sani. Me ke cikin wurin manyan? Kujera mai riga, lemon kwalba, kuma sau da yawa a gefe ake jera su kusa da sifika inda sauti ya fi muni. Kiɗan jitar Abzinawa ba na zama ba ne, kafin waƙa ta uku za ka ga masu kujerar sun tashi sun shigo cikin jama'a. Sayi na jika uku, ka je da wuri, ka tsaya tsakiyar fili kusa da mai daidaita sauti, don inda yake zaune nan ne kiɗan ya fi fita daidai. In kana da niyyar liƙi, ware abin da za ka liƙa tun daga gida ka bar sauran, hannu ba ya jin magana idan kiɗa ya yi daɗi.

Daga Kaduna: "Na ga jita Fender sabuwa orijinal naira dubu sittin, zan saya in kai wa gwanina ya sa min hannu."

Babu Fender sabuwa ta gaske a wannan kuɗin, suna ne kawai aka manna a kai. Kuma wa ya ce maka za a bar ka ka shiga da jita? In koyo kake so nemi Squier, wadda kamfanin Fender ɗin ne ke yin ta don masu ƙaramin ƙarfi, ko Yamaha ta hannu, ka je da wanda ya iya, a jona ta a amfilifaya a gabanka, a duba wuyanta bai lanƙwashe ba. Sa hannu kuwa takarda da biro sun isa.

Ta ƙarshe daga Damagaram: "Kawu ina wuni. Maigidana direba ne, ya fi shekara goma kiɗan Bombino yake sa wa a mota, bai taɓa ganinsa ba. Na tara jika talatin daga sana'ar ƙuli-ƙuli ina so wata rana mu je tare. Amma ina jin tsoron cunkoso, kunnena na dama kuma yana min ƙara idan na ji sauti mai ƙarfi, sannan ina jin kunyar abin da mutane za su ce. Ko in haƙura?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa sana'ar auki. Kada ki haƙura, kuma ba ki da abin jin kunya, da mijinki za ki. A Agadas kiɗan jita abin gidan biki ne, mata da tsofaffi da yara duk suna wurin. Shi kansa Bombino da ya dawo daga gudun hijira a Burkina Faso bayan rikicin da ya ɓarke a 2007, a gindin babban masallacin Agadas ya yi wasa a Janairun 2010, gari ya fito ana murnar zaman lafiya.

Maganar kunnen ce nake so ki ɗauka da muhimmanci. Ƙarar da kike ji alama ce kunnen ya gaji, kuma jin da sauti ya lalata ba ya dawowa, shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin sautin wuraren wasa ya wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti. Ki fara zuwa asibiti a duba shi. Sannan ki nemi abin toshe kunne na soso a kantin magani, ba shi da tsada, ya fi auduga nesa ba kusa ba, kuma za ki ji kiɗan sarai. Kada ku tsaya gaban sifika, ku tsaya baya kaɗan ta gefen ƙofar fita, ku bar yara ƙanana a gida, ku fito kafin waƙar ƙarshe don turmutsutsun a wajen fita yake faruwa.

Kada ki yi masa ba-zata ki sayi wani abu a ɓoye, ki gaya masa ku shirya tare, in a Agadas ne wasan, shi direba ne ya fi ni sanin halin da hanyar Tanut zuwa Agadas take ciki da lokacin da ya kamata a bi ta, kuma tafiyar rana kawai. In wasan ya faɗo a Damagaram ko Maraɗi ma ya fi muku sauƙi. Jika talatin ɗin ki raba uku, ɗaya na ƙofa da abinci, ɗaya na hanya, na ukun ki ƙulle shi a bakin zani kada ki taɓa sai kun dawo gida, shi ne jarin gyaɗar sati mai zuwa. In kun je ki rubuto min yadda ya yi da ya gan shi.